Jean-Baptiste de La Salle: Ɗan masu hali da ya rabar da dukiyarsa ya koma cikin malaman makaranta

Duk wanda ya zauna a Duwala ko Wagadugu ya saba ganin sunan La Salle a ƙofar makaranta. A Yamai ma, da wasu garuruwan Chadi, akwai makarantun da mabiyansa ke gudanarwa, waɗanda aka fi sani da Frères, wato Ƴan'uwa. Iyaye Hausawa da ke zaune a irin waɗannan birane, waɗanda galibinsu Musulmi ne, sukan tsaya dogon tunani kafin su kai yaro kolejin Katolika. Sun san ana karatu, sun san akwai horo, amma suna so su san abin da ake gaya wa yaro a darasin addini, da kuma ko dole ne ya zauna a ajin.

Tsarin da waɗannan makarantu suka gada ya samo asali ne daga wani limamin cocin Faransa da ya rasu fiye da shekara 300 da suka wuce. Tarihinsa ya nuna yadda aka gina darasin addini a makarantar Katolika, da alherin da aka samu a cikinsa, da kuma inda ya zama tilas a kan ƴaƴan waɗanda ba su yarda da shi ba.

Ɗan babban gida a Reims

An haifi Jean-Baptiste de La Salle ranar 30 ga Afrilun 1651 a birnin Reims, inda ake naɗa sarakunan Faransa. Mahaifinsa Louis alƙali ne, mahaifiyarsa Nicolle Moët kuma ƴar gidan sarauta ce. Shi ne ɗan fari a cikin ƴaƴa 11. Tun yana ƙarami ya nuna sha'awar aikin coci, kuma a 1667, kafin ya cika shekara 16, aka ba shi kujera a majalisar limaman babban cocin Reims. Muƙami ne mai albashi mai tsoka da daraja, wanda sau da yawa daga shi ake zama bishop.

A 1670 ya tafi Paris, makarantar horar da limamai ta Saint-Sulpice. Bai daɗe ba mahaifiyarsa ta rasu a 1671, mahaifinsa ya bi ta a 1672. Dole ya katse karatu ya dawo gida ya riƙe ƙannensa shida da dukiyar gado. Shekarun da ya yi yana lissafin kuɗin marayu da bin bashin haya sun koya masa tafiyar da al'amura, abin da ya amfane shi daga baya. An naɗa shi limami ranar 9 ga Afrilun 1678, ya kuma samu digirin digirgir a ilimin tauhidin Kirista a 1680.

Har zuwa wannan lokaci babu abin da ya haɗa shi da makarantar ƴaƴan talakawa. A Faransa ta wancan zamani ƴaƴan masu hali suna shiga kolejoji inda ake karatu da harshen Latin. Ƴaƴan leburori da masu sana'ar hannu kuwa suna yawo a titi, ko su je makarantun sadaka inda malami ke kiran yara ɗaya bayan ɗaya, sauran suna ta hayaniya. Malaman ba su da horo, albashinsu bai taka kara ya karya ba, kuma da sun samu wani aiki sai su gudu.

Haɗuwar da ta sauya hanyarsa

A 1679 wani dattijo mai suna Adrien Nyel ya zo Reims daga Rouen da niyyar buɗe makarantar kyauta ta yara maza. De La Salle ya taimaka masa da shawara da sanayya, aka buɗe ta farko a unguwar cocin Saint-Maurice. Nyel mutum ne mai zafin nama wajen buɗe makarantu, amma ba ya zama ya kula da su. Yana buɗe wata sai ya wuce wani gari, ya bar malamai ba jagora.

De La Salle ya fara da biya musu kuɗin haya. A 1680 ya soma kiransu cin abinci a gidansa don ya koya musu ladabi da tsarin aiki. Ranar 24 ga Yunin 1681 ya kwaso su gaba ɗaya suka tare a gidan gadon iyayensa. Dangi suka ɗauki abin a matsayin zubar da mutuncin gida, har suka ɗauke wasu daga cikin ƙannensa. Shi kansa ya amsa daga baya cewa da farko yana ganin waɗannan malamai ba su kai darajar baransa ba, kuma da ya san inda taimakon zai kai shi da bai soma ba. Bayan shekara guda ya bar gidan, ya koma da su gidan haya.

A nan ne malaman suka faɗa masa gaskiya mai ɗaci. Yana yi musu wa'azin dogaro ga Allah, su kuwa suka nuna masa cewa idan makarantun suka rushe shi yana da kujerarsa da gadonsa, su ne za su ƙare a bara. Maganar ta shige shi. A 1683 ya ajiye kujerar majalisar coci, kuma maimakon ya miƙa ta ga ƙaninsa kamar yadda aka saba, sai ya bar wa wani limami talaka. Da yunwa ta auka wa yankin wajen 1684, ya rabar da mafi yawan dukiyarsa wajen sayen burodi ga mabuƙata. Bai zuba kuɗin a asusun makarantun ba, don yana so shi da malaman su tsaya a matsayi ɗaya.

Daga nan ƙungiyar ta ɗauki sunan Frères des écoles chrétiennes, wato Ƴan'uwa na Makarantun Kirista. Suka zaɓi baƙar riga mai farin ƙyalle biyu a wuya. Ba sa aure, ba sa karɓar kuɗi daga iyaye, kuma babu limami a cikinsu. De La Salle ya taɓa shirya wani ɗan'uwa mai suna Henri L'Heureux don ya zama limami ya gaje shi, amma ya rasu kafin a naɗa shi. Tun daga nan aka tsayar da doka cewa ɗan'uwa aikinsa aji ne kawai, har aka hana su koyon Latin don kada sha'awar limanci ta janye su daga yara.

Yadda yinin makaranta yake

Abin da De La Salle ya kawo a rubuce yake cikin littafin Conduite des écoles chrétiennes, wanda ya tsara tare da ƙwararrun malamansa, aka buga shi a 1720. Yaro zai fara koyon karatu da Faransanci, harshen da yake ji a gida, maimakon Latin da aka saba farawa da shi. Hujjarsa ita ce ɗan talaka shekara biyu ko uku kawai yake yi kafin a tura shi aiki, kuma idan ya ƙare su a kan harshen da ba ya fahimta zai fita hannu rabbana. An raba yara aji-aji gwargwadon matakinsu, suna bin darasi ɗaya a littafi ɗaya. Malami yana rage magana, yana amfani da wani ɗan katako mai ƙara wajen ba da umarni. Kowane yaro yana da takardar da ake rubuta halinsa da yanayin gidansu, a miƙa wa malamin da zai karɓe shi a shekara mai zuwa.

Darasin addini, wato katekizim, yana da rabin awa kowace rana, a ƙara masa lokaci a jajibirin ranar hutu da ranar Lahadi. Ana yin sa ne ta tambaya da amsa. An hana malami ya mayar da shi huɗuba. Aikinsa shi ne ya yi tambaya, ya sake karya ta ƙanana-ƙanana har sai ya tabbata yaron ya gane ma'anar abin da ya haddace, kuma kada ya tsallake marasa ƙoƙari.

Sai dai a wurin De La Salle wannan rabin awa kaɗan ce daga cikin tarbiyyar addini. Ana buɗe yini da addu'a da ɗan gajeren tunatarwa. Ana kai yara coci kullum. Duk bayan rabin awa ana kaɗa ƙararrawa, aji ya yi tsit na ɗan lokaci don a tuna cewa Allah yana nan yana gani. Lokacin karin kumallo ana zagayawa da kwando, mai rarar burodi ya saka, a raba wa waɗanda suka zo ba komai. Littafin da manyan ɗalibai ke koyon karatu da shi ma na ladabi ne, wanda ya wallafa a 1703, yana koyar da yadda ake zama da cin abinci da gaisuwa, a kan cewa girmama mutum wani ɓangare ne na ibada.

Ginshiƙin duk wannan shi ne malamin kansa. De La Salle ya yi imani cewa yaro ya fi koyo daga abin da ya gani fiye da abin da ya ji, don haka ya lissafa halaye 12 da ake so ga malami, ciki har da haƙuri da tawali'u da sanyin hali da sa ido. Bai hana bulala ba, domin zamaninsa bai san makaranta ba bulala ba, amma ya kafa mata sharuɗɗa masu tsauri, ya hana malami ya hukunta yaro cikin fushi. Ya kuma buɗe makarantar horar da malaman ƙauye a Reims, wadda ake lissafawa cikin na farko-farko irinta a Faransa.

Shari'a a kan shari'a

A 1688 ya kai aikin Paris, nan kuma rigima ta soma. Masu ƙananan makarantun kuɗi da ƙungiyar malaman rubutu suka ga ɗalibansu suna komawa inda ake karatu kyauta. Suka nemi a tilasta wa Ƴan'uwa su karɓi ƴaƴan matalauta zalla. De La Salle ya ƙi bincikar aljihun iyaye, yana ganin ɗan mai shago da ɗan lebura su zauna benci ɗaya. Aka yi ta kai shi kotu, kuma a 1704 aka ci shi tara, aka kwashe kujeru da kayan wasu makarantun.

A cikin gida ma abin bai yi sauƙi ba. Wajen 1691 ƙungiyar ta kusa watsewa saboda gajiya da ciwo da ficewar mutane. Ranar 21 ga Nuwamban shekarar shi da mutum biyu, Nicolas Vuyart da Gabriel Drolin, suka ɗauki alwashin ba za su bar aikin ba ko da su uku kaɗai suka rage, ko da bara za su yi su ci burodi tsura. A 1694 shi da Ƴan'uwa 12 suka yi alwashin zama har mutuwa. Drolin ya tafi Roma a 1702 ya yi shekara 26 yana riƙe da makaranta, mafi yawan lokacin shi kaɗai. Vuyart kuwa ya fice daga ƙungiyar daga baya. A 1702 ɗin ne kuma babban bishop na Paris, Kadinal de Noailles, ya tuɓe De La Salle daga shugabanci bisa ƙorafin tsanani, amma Ƴan'uwa suka ƙi amincewa da wanda aka turo musu.

Saint-Yon, kakar kolejojin yau

A 1705 ya karɓi hayar wani babban gida mai suna Saint-Yon a gefen Rouen. Ƴan kasuwar birnin suka roƙe shi ya karɓi ƴaƴansu matasa, waɗanda ba su da buƙatar Latin amma suna buƙatar ilimin da ya wuce na firamare. Ya buɗe musu makarantar kwana ta kuɗi inda ake koyar da lissafi da ilimin ciniki da zane, tare da darasin addini da addu'o'in da aka saba. Kuɗin da aka samu a nan shi ke ciyar da masu koyon aikin malanta. An kuma ware sashe na yara masu taurin kai da iyaye suka gaza da su, daga baya har da waɗanda hukuma ta tsare.

Daga Saint-Yon ne aka samu samfurin kolejin da ke haɗa ilimin zamani da sana'a da tarbiyyar addini a wuri ɗaya. Kolejojin fasaha da Ƴan'uwa suka buɗe a Afirka bayan ƙarni biyu da rabi a kan wannan tafarki suke.

Inda darasin ya zama tilas

Akwai wani ɓangare na tarihin da bai kamata a tsallake ba. A 1685 Sarki Louis na 14 ya soke dokar Nantes, wadda ta ba Kiristoci ƴan Furotesta damar yin addininsu. A 1698 ya fitar da umarnin cewa iyaye, musamman waɗanda suka fito daga Furotesta, su tura ƴaƴansu makaranta da katekizim na Katolika har su kai shekara 14. A yankin tsaunukan Cévennes da ke kudu, matsin ya haifar da tawayen da aka sani da na Camisards daga 1702.

Bayan an murƙushe tawayen, aka gayyaci Ƴan'uwa su buɗe makaranta a Alès a 1707, sannan a Les Vans a 1711, da manufar mayar da ƴaƴan Furotesta Katolika. Iyaye da yawa sun tura ƴaƴansu ne don tsoron hukuma, suna kuma warware musu abin da aka koya musu idan sun dawo gida. De La Salle ɗan zamaninsa ne, yana ganin wannan aiki ceton rayuka ne. Amma tsarin da ya zama rahama ga ɗan lebura a Reims, a Alès ya zama makamin sarki a kan tsirarun da ba su da ƙarfi. Duk al'ummar da ke zaune a matsayin tsiraru a wata ƙasa ta san nauyin irin wannan.

Gudun hijira da dawowa

A 1712 wata shari'a ta kusa karya shi. Wani matashi mai suna Clément ya matsa masa su buɗe makarantar horar da malamai a Saint-Denis, ya yi alƙawarin kuɗi. Daga baya mahaifin yaron ya kai ƙara, kotu ta samu De La Salle da laifin yaudarar wanda bai kai shekarun ƙulla yarjejeniya ba, ya yi asarar kuɗi da suna. Ya tafi kudu yana zaton Ƴan'uwan Paris sun juya masa baya. Ya zaga Marseille da Grenoble, inda ya shiga aji da kansa ya koyar, sannan ya keɓe a wani tsauni mai suna Parménie.

Ranar 1 ga Afrilun 1714 manyan Ƴan'uwa suka rubuta masa wasiƙa suna umartarsa ya dawo ya karɓi shugabanci, bisa alwashin biyayya da ya yi wa ƙungiyar. Wanda ya kafa ƙungiya ya bi umarnin almajiransa, ya koma Paris a watan Agusta. Ya yi amfani da sauran ƙarfinsa wajen ganin an zaɓi magaji daga cikinsu tun yana raye, don kada a ɗora musu limami daga waje. A 1717 aka zaɓi Ɗan'uwa Barthélemy.

De La Salle ya rasu a Saint-Yon ranar 7 ga Afrilun 1719, Juma'ar da ke gaban Ista, saura makonni kaɗan ya cika shekara 68. Ya bar Ƴan'uwa kimanin 100 a garuruwa fiye da 20. Paparoma Benedict na 13 ya amince da ƙungiyar a 1725. Paparoma Leo na 13 ya ayyana shi waliyyi a 1900, kuma a 1950 Paparoma Pius na 12 ya sanya shi waliyyin malaman makaranta.

Abin da ya sauya bayansa

Juyin juya halin Faransa ya rushe ƙungiyar a 1792, ta sake farfaɗowa a zamanin Napoleon. Dokar 1904 da ta hana ƙungiyoyin addini koyarwa a Faransa ta sa Ƴan'uwa da dama suka bazu ƙasashen waje. Tun kafin nan sun isa Iskandariya ta Masar a 1847 da Madagaska a 1866, sannan suka shigo Kamaru da ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A yanzu makarantun La Salle suna cikin ƙasashe kusan 80, da ɗalibai sama da miliyan ɗaya, kuma yawancin malamansu mutane ne masu iyali, maza da mata.

Zama cikin Musulmi ya tilasta sake tunani a kan darasin addini. A kolejin Saint-Marc na Iskandariya, da Jami'ar Baitalami da Ƴan'uwa suka taimaka aka kafa a 1973, Musulmi suna da yawa ƙwarai a cikin ɗalibai. Matsayin cocin kansa ya sauya a babban taron Vatican na biyu. Ranar 28 ga Oktoban 1965 taron ya fitar da takarda a kan ilimi wadda ta ce iyaye su ne masu haƙƙin farko a tarbiyyar ƴaƴansu, da wata da ta yi maganar Musulmi da girmamawa. A Disamban shekarar aka fitar da ta ƴancin addini, wadda ta bayyana cewa tilasta wa yaro zama a darasin da ya saɓa wa imanin iyayensa tauye haƙƙinsu ne. Abin da aka yi a Alès ya zama abin da koyarwar cocin ta yau ba ta yarda da shi ba.

Saboda haka a kolejojin Katolika da yawa an raba abin gida biyu: katekizim ga ɗalibai Katolika, darasin tarbiyya da kyawawan halaye ga kowa. Yadda ake aiwatar da hakan ya danganta da makaranta da dokar ƙasa. Uban da zai sa ɗansa yana da damar ya tambayi shugaban makaranta tun ranar rajista wane darasi ne dole, wane ne na zaɓi, yaya ake yi da addu'ar safe da zuwa coci, kuma ko ana ba ɗalibai Musulmi lokacin salla da sassauci a watan azumi. Tunda tsarin De La Salle ya ɗora tarbiyya a kan yinin makaranta gaba ɗaya da halin malamin da ke tsaye gaban aji, sanin malaman da za su riƙe yaron yana da muhimmanci daidai da sanin abin da ke cikin jadawalin darussa.